Gajeren barci ko dogon barci: wanne ya dace da kwamfutarka daga layin umarni?

Shafuka ashirin a buɗe a burauza, ga rubutu bai ƙare ba, ga wata manhaja da ta ɗauki minti goma kafin ta hau, sai lokacin tashi ya yi. In aka kashe kwamfutar, gobe sai an sake jera komai daga farko. In aka bar ta a kunne, batir zai tafi, jiki ya yi zafi. Tsakanin waɗannan biyun akwai barci iri biyu. Na farko shi ne gajeren barci, wanda umarninsa yake `suspend`: komai ya tsaya cik, amma ana ci gaba da ba RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, 'yar wuta don kada ta manta abin da ke cikinta. Na biyu shi ne dogon barci, wato `hibernate`: a kwashe abin da ke cikin RAM a rubuta shi a faifai, sannan a kashe na'urar ɗungurungum. A ƙa'idar sarrafa wutar kwamfuta ta ACPI, wadda Intel da Microsoft da Toshiba suka fara fitarwa a 1996, na farko shi ne matakin S3, na biyu kuma S4.

Duk bambancin da zai biyo baya daga wuri ɗaya ya samo asali: a ina aikinka yake kwana? RAM ba ta riƙe komai sai da wuta. Faifai kuwa yana riƙewa ko da an cire batir an ajiye na'urar wata guda.

Yawancin bayanin nan a kan Linux mai systemd ne, wato manhajar da ke tayar da tsarin tana kula da hidimominsa, domin a nan ne mutum yake da zaɓi na gaske kuma a nan ne ake yawan cin karo da matsala. Windows da macOS za su zo daga baya.

Ma'aunin da za a auna da shi

Abu biyar ya kamata a duba. Wutar da kowanne yake ci yana kwance. Tsawon lokacin kwanciya da na farkawa. Abin da yake cinyewa na faifai, wuri da kuma rubutu. Wahalar da ake sha kafin ya fara aiki. Sai na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi kuma aka fi mantawa da shi: abin da za a iya rasawa, aiki ne ko sirri, in abu ya kwaɓe.

Kafin a kai ga auna komai, a fara tambayar na'urar abin da take iyawa:

`cat /sys/power/state`

Amsar da aka saba gani ita ce `freeze mem disk`. In babu `disk`, dogon barci a rufe yake a halin da ake ciki. Sannan a duba wannan:

`cat /sys/power/mem_sleep`

Nan ne sirrin yake. Wata kwamfutar za ta nuna `s2idle [deep]`, wata `[s2idle] deep`, wata kuma `[s2idle]` kaɗai. Wanda ke cikin baka shi ake amfani da shi yanzu. `deep` shi ne ainihin S3. `s2idle` kuwa barcin zomo ne: ana daskarar da manhajoji, a sa kayan ciki su yi likimo, amma injin bai sauka zuwa S3 ba. Da yawa daga cikin kwamfutocin hannu na 'yan shekarun nan an cire musu S3 tun daga kamfani, saboda haka mutum biyu za su iya buga umarni iri ɗaya su sami sakamako daban.

Gajeren barci

Umarnin ɗaya ne tak:

`systemctl suspend`

Wanda yake zaune a gaban na'urar ba ya ma buƙatar `sudo`. Cikin daƙiƙa kaɗan allo zai mutu, fanka ta yi shiru, a wasu na'urori ƙaramar fitila ta riƙa ƙyaftawa. Da an taɓa maɓalli ko an ɗaga murfi, komai ya dawo inda aka bar shi. Ba ya cin ko ƙwayar wuri a faifai, kuma a mafi yawan na'urori ba a saita masa komai. Ta fuskar sauƙi da sauri babu mai kamo ƙafarsa.

A tsofaffin bayanai za ka ga `pm-suspend`, na wani kunshi da aka daina kula da shi, bar shi. Za ka kuma ga wannan:

`echo mem | sudo tee /sys/power/state`

Yana aiki, amma kai tsaye yake magana da kanel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa kayan na'urar, ya tsallake duk shirin da systemd ke yi kafin barci. Ba lallai allo ya kulle ba, kuma hidimomin da ke gyara katin hoto ko intanet bayan farkawa ba za su motsa ba. Amfaninsa shi ne bincike: in wannan ya yi aiki amma `systemctl suspend` ya ƙi, ka san laifin ba na kanel ba ne. A lura kuma, `sudo echo mem > /sys/power/state` ba zai yi ba, domin `sudo` bai shafi alamar turawar ba.

Inda yake da rauni shi ne wuta. A kan `deep` abin da ake ci kaɗan ne ƙwarai. A kan `s2idle`, in direbobi da BIOS sun daidaita, shi ma yana iya yin kyau. In kuwa kaya ɗaya ya ƙi sauka, misali katin Wi-Fi ko faifan SSD irin na NVMe, sai a zaro kwamfuta daga jaka a same ta da ɗumi kamar an ɗauko ta daga rana, batir ya kusa ƙarewa. Kada ka dogara da ƙiyasin wani, auna taka. Duba `cat /sys/class/power_supply/BAT0/capacity` da dare, sa ta barci ba tare da caja ba, ka sake dubawa da safe, ka raba bambancin da yawan awoyin. A wasu na'urori sunan `BAT1` ne. Wannan adadi ɗaya ya fi duk wata shawara amfani wajen yanke hukunci.

In `deep` yana cikin jerin amma ba shi aka zaɓa ba, gwada `echo deep | sudo tee /sys/power/mem_sleep`. In ya yi kyau, a dawwamar da shi ta ƙara `mem_sleep_default=deep` a cikin umarnin tashin kanel. Sai dai a gwada sau da yawa tukuna, don akwai na'urorin da suke nuna `deep` alhali kamfanin bai kula da shi ba, sai ta farka babu sauti ko maɓallan sun daina amsawa.

Matsala ta biyu ita ce farkawa ba gaira ba dalili, ko ma ta kwanta ta tashi nan take. Sau da yawa linzami ne ko wani abu da aka soka a USB. `cat /proc/acpi/wakeup` zai jero masu ikon tayar da ita. In ka ga `XHC`, wato mai kula da USB, a kunne, `echo XHC | sudo tee /proc/acpi/wakeup` zai juya shi, amma gyaran ba ya wuce kashewa da kunnawa, kuma bayan haka maɓallan da ke kan USB ba za su iya tayar da ita ba. In kuwa ta ƙi kwanciya sam, `systemd-inhibit --list` zai nuna manhajar da ta riƙe ta. Ana iya tsallake ta da `systemctl suspend -i`, amma in sabunta manhajoji ne ke gudana, gara a jira.

Haɗarinsa a fili yake: wuta ta yanke, aikin da ba a adana ba ya tafi, kamar an fizge waya daga bango. Ga kwamfutar tebur da ba ta da batir, ɗaukewar wuta ta daƙiƙa ɗaya ta isa. Akwai kuma batun sirri. Ko da faifan a rufe yake da LUKS, tsarin Linux na kulle faifai da kalmar sirri, mabuɗinsa yana nan zaune a RAM muddin na'urar tana gajeren barci. Tun a 2008 masu bincike a Jami'ar Princeton suka nuna cewa ana iya sanyaya RAM a kwashe mabuɗai daga cikinta. Ga mai ɗauke da bayanan mutane, wannan abin lura ne.

Dogon barci

`systemctl hibernate`

Umarnin gajere ne, shirinsa ne mai tsawo. Kanel yana buƙatar wurin da zai zuba hoton RAM, wato kwafin abin da ke cikinta. Wurin shi ne suwaf (`swap`), ko dai yanki na faifai ko fayil. Sannan lokacin tashi dole ya san inda ya ajiye hoton tun kafin a buɗe sauran faifan. In ɗaya daga cikin biyun ya ɓace, ko dai umarnin ya ƙi, ko kuma, wanda ya fi ciwo, ta kwanta lafiya ta tashi sabuwa fil kamar ba a taɓa yin aiki a kanta ba.

Girman suwaf ba lallai ya kai girman RAM ba. Kanel yana ƙoƙarin rage hoton zuwa kashi biyu cikin biyar na RAM, adadin da ke cikin `/sys/power/image_size`, kuma yana matse shi kafin ya rubuta. Mai RAM gigabait 16 zai ga hoton yana neman tsayawa wajen 6.4. Amma ranar da aka cika RAM da manyan ayyuka, kuma wani ɓangare na suwaf ɗin ya riga ya cika, ranar ce zai ce wuri bai isa ba. Shi ya sa wanda faifansa ke da sarari gara ya ba shi daidai girman RAM ya huta.

Ga yadda ake yi da fayil a kan tsarin fayiloli na ext4, a Debian ko Ubuntu:

`sudo fallocate -l 16G /swapfile`
`sudo chmod 600 /swapfile`
`sudo mkswap /swapfile`
`sudo swapon /swapfile`

A sa layin `/swapfile none swap defaults 0 0` a `/etc/fstab`. Sai a nemo lambobi biyu. Ta farko lambar shaidar yankin da fayil ɗin yake zaune, `findmnt -no UUID -T /swapfile`. Ta biyu inda fayil ɗin ya fara a jikin faifai, `sudo filefrag -v /swapfile`, a ɗauki lambar farko ta layin farko ƙarƙashin `physical_offset`. A kan btrfs wannan lambar ba daidai take ba; a can `btrfs inspect-internal map-swapfile -r` ake amfani da shi. A rubuta su biyun a `/etc/default/grub` a matsayin `resume=UUID=...` da `resume_offset=...`, a gudanar da `sudo update-grub` da `sudo update-initramfs -u`, sannan a kashe a kunna sau ɗaya kafin gwajin farko. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a goge fayil ɗin a sake yin wani daga baya, a manta cewa lambar farawar ta canza. Daga systemd 255, wanda ya fito a ƙarshen 2023, na'urorin UEFI, wato masu sabon tsarin da ya gaji BIOS, suna iya ajiye wannan bayani da kansu, saboda haka a sababbin tsare-tsare wani lokaci ba a buƙatar rubuta lambobin da hannu.

Akwai shinge biyu da ba girman suwaf ke kawo su ba. Na ɗaya zram, wanda Fedora ta mayar da shi na asali tun fitowarta ta 33 a 2020. Suwaf ne da ke zaune cikin RAM ɗin kanta, don haka ba za a iya kwantar da RAM a cikinsa ba. `swapon --show` zai nuna in shi kaɗai kake da shi. Na biyu Secure Boot, kariyar da ke hana na'ura tashi da manhajar da ba a amince da ita ba. A Ubuntu da Fedora da Debian, kunna shi yana sa kanel ya shiga halin kulle, kuma a wannan hali an hana dogon barci, saboda kanel ba shi da tabbacin cewa ba a taɓa hoton ba yana kwance. Duba `mokutil --sb-state` da `cat /sys/kernel/security/lockdown`. Kashe Secure Boot zai buɗe hanya, amma an bayar da wata kariya kenan a karɓi wata dama, kuma a kwamfutar wurin aiki ba kai kaɗai ke da ta cewa ba.

Masu katin NVIDIA da direban kamfanin su tabbatar hidimomin `nvidia-suspend`, `nvidia-hibernate` da `nvidia-resume` suna kunne. Rashinsu ne yake yawan jawo baƙin allo ko hoto a yamutse bayan farkawa, a kowane irin barcin.

Sauri ya dogara da faifai. Gigabait 6 a kan SSD mai rubuta megabait 500 a daƙiƙa wajen daƙiƙa 12 ne. A tsohon faifai mai juyawa da ke yin kusan 100, minti guda kenan, sannan a ƙara lokacin BIOS wajen tashi. Tsoron da wasu ke yi na cewa zai cinye SSD kuwa ya wuce gona da iri. Ko da ana rubuta gigabait 8 sau biyu kullum, a shekara bai kai terabait 6 ba, alhali akwai SSD masu terabait 1 da yawa da aka ba wa lamunin rubuta terabait 600.

Haɗarin dogon barci na daban ne, kuma ya fi na gajeren muni in ya afku. Hoton da aka ajiye yana ɗauke da yadda kanel ya san faifan a daidai lokacin kwanciya. In aka tashi da wani tsarin, ko Windows na gefe ko Linux na kan filashi, aka buɗe yankin nan aka rubuta wani abu, sannan aka dawo aka farkar da na farko, zai ci gaba da rubutu bisa tsohon saninsa. Sakamakon shi ne lalacewar fayiloli, wani lokaci ba a ganewa sai bayan kwanaki. Ƙa'idar ba ta da sassauci: duk yankin da tsarin da ke barci ya buɗe, kada wani ya taɓa shi har sai ya farka.

Ta fuskar sirri kuma yana da fuska biyu. In suwaf yana cikin rufaffen faifai, dogon barci ya fi gajere tsaro nesa ba kusa ba, domin RAM ta mutu, mabuɗi ya tafi, sai an sake buga kalmar sirri. In kuwa suwaf a buɗe yake, duk abin da ke RAM, har da kalmomin sirri da mabuɗai, an shimfiɗa shi a faifai ga duk wanda ya zare shi. Suwaf da ake rufewa da sabon mabuɗi a kowane tashi shi ma ba ya aiki a nan, tunda mabuɗin ya ɓace tare da wutar.

Gauraye biyu

`systemctl hybrid-sleep` yana rubuta hoton a faifai, sannan maimakon ya kashe sai ya shiga gajeren barci. In wuta ba ta yanke ba, farkawa nan take; in ta yanke, a ɗauko daga faifai. Kwanciyarsa tana da jinkirin dogon barci, cin wutarsa na gajere ne.

`systemctl suspend-then-hibernate`, wanda ya shigo da systemd 239 a 2018, akasin haka yake. Gajeren barci ake fara yi, in lokaci ya cika agogon na'urar ya tayar da ita a ɓoye ta koma dogon barci. Ana saita lokacin a `/etc/systemd/sleep.conf`, misali `HibernateDelaySec=90min`. In ana so rufe murfi ya riƙa yin haka, a sa `HandleLidSwitch=suspend-then-hibernate` a `/etc/systemd/logind.conf`. Duka biyun ba sa aiki sai dogon barci ya riga ya zauna daram.

| Ma'auni | suspend | hibernate | hybrid-sleep | suspend-then-hibernate |
|---|---|---|---|---|
| Cin wuta a kwance | kaɗan, ya danganta da na'ura | kamar a kashe | kamar gajeren barci | kaɗan da farko, sannan kamar a kashe |
| Kwanciya | daƙiƙa kaɗan | sai an rubuta hoto | sai an rubuta hoto | daƙiƙa kaɗan |
| Farkawa | nan take | kusan kamar kunnawa | nan take in da wuta | ya danganta da daɗewa |
| Wuri a faifai | babu | suwaf babba | suwaf babba | suwaf babba |
| Shiri | kusan babu | mai yawa | mai yawa | mai yawa, da saita lokaci |
| In wuta ta yanke | aiki ya tafi | aiki yana nan | aiki yana nan | yana nan in an riga an sauya |
| Mabuɗin faifai | yana RAM | ya fita daga RAM | yana RAM | yana RAM har a sauya |

Duk wanda ka zaɓa, gwada shi da `rtcwake` kafin ka amince masa da aiki. `sudo rtcwake -m mem -s 60` zai kwantar da ita ya tayar bayan minti ɗaya, `-m disk` kuma na dogon barci ne. In ta maƙale aka kashe ta da ƙarfi, `journalctl -b -1` zai nuna saƙonnin ƙarshe na zaman da ya wuce.

Windows da macOS

A Windows, `powercfg /a` shi ne yake faɗar irin barcin da na'urar ke da shi. `shutdown /h` dogon barci ne, `powercfg /hibernate on` kuma yana kunna shi in a kashe yake. Hoton yana zama a `hiberfil.sys`, ba a buƙatar wani shiri. Gajeren barcin ne ba shi da umarni mai tsabta. Wanda ake yawan yaɗawa, `rundll32.exe powrprof.dll,SetSuspendState 0,1,0`, dogon barci yake shiga matuƙar an kunna shi. `psshutdown -d -t 0` na Sysinternals, kunshin kayan aiki na Microsoft, ya fi shi tabbas. `powercfg /lastwake` yana faɗar abin da ya tayar da ita. Masu Windows da Linux a na'ura ɗaya su sani cewa tun Windows 8, abin da ake kira kashewa rabin dogon barci ne saboda tsarin saurin tashi, shi ya sa Linux kan ƙi yin rubutu a yankin NTFS, wato na Windows. `powercfg /h off` yana kashe su duka biyun.

A macOS `pmset sleepnow` ne, kuma `pmset -g` zai nuna `hibernatemode`: 0 gajeren barci zalla, 3 gauraye kuma shi ne na asali a kwamfutocin hannu, 25 dogon barci.

Wanne ga wa

Mai buɗewa da rufewa sau goma a yini, wanda caja ba ta yi masa nisa, gajeren barci ya ishe shi, muddin gwajin dare ya nuna batir ba ya zuba. Bai kamata ya sha wahalar suwaf a banza ba.

Mai yawan tafiya, ko wanda na'urarsa `s2idle` kaɗai take da shi kuma tana shan batir a jaka, `suspend-then-hibernate` ne nasa. A ganina shi ne mafi dacewa ga yawancin kwamfutocin hannu, kuma ya cancanci awa ɗayan da za a ɓata wajen saita shi.

Kwamfutar tebur a inda wuta ke yawan yankewa, ko ta hannu da batirinta ya mutu, `hybrid-sleep`. Mai bayanan sirri a rufaffen faifai, dogon barci zalla da suwaf a cikin rufin, ko kuma kashewa gaba ɗaya. Mai tsari biyu da suke tarayya a yanki ɗaya na faifai ya nisanci dogon barci duk lokacin da zai tsallaka ɗaya ɓangaren.

Sabar da ake shiga daga nesa kuwa, kada a sa ta kowane irin barci sai an kunna tayarwa ta wayar intanet da `sudo ethtool -s eth0 wol g`, da sunan katin na gaskiya a madadin `eth0`, an kuma gwada an ga ta tashi. In ba a son ta taɓa kwanciya ko da kuskure, a toshe hanyar:

`sudo systemctl mask sleep.target suspend.target hibernate.target hybrid-sleep.target`